Yadda ake ɗebo lakar teku don auna ƙarafa masu guba

Ruwan teku wucewa yake yi, laka kuwa tana nan zaune. Dalma, zaiba, kadmiyam da tagullar da masana'antu ke zubarwa suna maƙalewa a jikin ƙwayoyin laka, su nutse, su yi shekaru a ƙasa. Shi ya sa a gaɓar Minamata ta Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956, sai da aka kwashe gurɓatacciyar lakar kanta. Mai bincike ma lakar yake tambaya, kuma yawancin sakamakon da ke lalacewa tun a kan jirgi yake lalacewa, kafin a kunna wata na'ura.

Ka fara shiri tun kana tudu. Jiƙa kwalabe da cokulan roba a asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari su kwana, ka ɗauraye su da tataccen ruwa. Cokalin ƙarfe kada ma ya shiga jakarka. Ƙarfe kake nema, yaya za ka ɗiba da ƙarfe?

Idan lakar sama kaɗai kake so, maɗebin Van Veen ya isa, wani ƙarfe ne mai muƙamuƙi biyu da ke datsewa in an ja igiya. Idan tarihin wurin kake bi, sai dogon bututu da ake kafawa ya fito da lakar hawa-hawa. Maɗebin da ya taso da dutse a baki, ruwa ya wanke samansa, zubar da shi ka sake jefawa.

To, ga inda ake son natsuwa. Janye ruwan da ke kwance a sama da ƙaramin tiyo, ka duba. Za ka ga fatar laka siririya mai ruwan ƙasa, wani lokaci ba ta kai kaurin yatsa ba. Kana kutsawa ƙasa sai ta koma baƙa ƙirin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugi hancinka. Aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu rayuwa ba oksijin, suna mai da salfet ɗin ruwan teku salfaid. Salfaid ɗin nan shi ke haɗuwa da baƙin ƙarfe ya ba da wannan launi, shi ne kuma ke ɗaure dalma da kadmiyam su kasa motsi. Iska na taɓa shi ɗaurin zai fara kwancewa, abin da ka kai ɗakin gwaji ya zama daban da abin da ke ƙasan teku. Don haka nan take ka auna pH (ma'aunin tsamin laka) da Eh (ma'aunin da ke nuna ko lakar ta sha iska ko ba ta sha ba), ka ɗebi santimita 2 na sama daga tsakiya, nesa da bangon maɗebin, ka cika kwalba maƙil ka rufe.

Kowane wuri a ɗiba sau uku. Rubuta lambobin GPS, zurfi, rana da lokaci, kuma da fensir, don tawada ba ta shiri da ruwan gishiri. A ajiye a sanyin digiri 4, in gwajin zai jinkirta a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifiri.

A ɗakin gwaji, tace lakar da rariyar nailan mai ƙofa maikiromita 63 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ɗalibai da yawa na tsallake wannan, ni kuwa ina ganin babu kuskuren da ya fi shi tsada. Laka mai laushi ta fi yashi riƙe ƙarfe nesa ba kusa ba, wanda ya kwatanta wurin yashi da wurin taɓo ba tare da tacewa ba girman ƙwaya ya auna, ba gurɓata ba. Sai busarwa. Na'urar busarwa cikin sanyi ta fi, in babu a yi da ɗumin da bai wuce digiri 40 ba, domin zaiba tana bin zafi ta tsere.

Auna kamar rabin giram, ka narkar a ruwan sarauta, wato kashi 3 na asid ɗin haidirokulorik da kashi 1 na naitirik, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Daga nan sai na'urar AAS ko ICP-MS, masu auna yawan ƙarfen da ke cikin ruwan. A kowane zagaye ka saka kwalbar da babu laka a ciki, da kuma lakar da aka riga aka san adadin ƙarfenta, irin su MESS da PACS da Majalisar Bincike ta Kanada ke samarwa. In waɗannan suka kauce, sauran lambobin ma ba abin dogaro ba ne.

Lamba ita kaɗai ba ta nuna gurɓata, tunda duwatsu ma da nasu ƙarfen. Ma'aunin da wani masani Bajamushe mai suna Müller ya fitar a 1969 yana raba abin da ka samu da adadin ƙarfe na asali na wurin, bayan an ninka adadin asalin sau 1.5. Wannan adadi na asali a gindin bututunka za ka same shi, cikin lakar da ta kwanta tun kafin a kafa masana'anta a gaɓar.