Darasi na 7: Yadda Aka Gwada Maganin Kuturta

A kasuwa za ka ji mai tallar magani yana rantsuwa cewa garinsa ɗaya yana kashe makero da kyasbi da ƙazuwa. In ka nemi hujja sai ya ce wane ya shafa ya warke. Amma wasu cututtukan fata kan lafa da kansu, wasu su ɓuya su dawo. To ta yaya za a san aikin magani ne? Likitoci suna da hanyarsu, ita ce gwajin magani a kan marasa lafiya bisa ƙa'ida. Za mu koyi wannan hanya daga tarihin kuturta.

A 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya hango ƙwayar cutar kuturta da madubin likita. Ashe ba gado ba ce, ba kuma sammu ba. Duk da haka an daɗe ba a sami magani mai ƙarfi ba.

Wani babban ɓangare na aikin a Nijeriya aka yi shi. A asibitin kutare na Uzuakoli, cikin jihar Abiya ta yau, Dakta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson tana aiki in an sha ta kaɗan-kaɗan. Tana da araha, sai dai shan ta na shekaru ne, wasu har ƙarshen rayuwa. Zuwa shekarun 1960 kuma cutar ta fara gagarar ta. A wannan asibitin dai aka gwada wani maganin, kulofazimin, aka fitar da sakamako a 1962. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa haɗa magunguna uku: dafson da kulofazimin da rifamfisin. Ƙwayar cutar da ta tsere wa ɗaya, sauran su kama ta. Tun 1995 kyauta ake ba da wannan haɗi a duniya.

Yadda ake gwaji

Mu duba wani gwaji da aka yi a ƙasar Bangaladash, wanda aka bayyana a 2008. Tambayar ita ce: in aka ba makusantan mai kuturta rifamfisin sau ɗaya tak, zai kare su? An ɗauki mutum sama da 21,000, iyalai da maƙwabta, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya suka sha maganin gaske, ɗayan suka sha ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta. Mai sha bai san wadda aka ba shi ba, mai duba shi ma bai sani ba.

Kada ku ɗauki wannan yaudara ce, domin tun farko an gaya wa kowa yadda za a yi. Ƙuri'a tana hana likita ya zaɓo masu ƙarfin jiki ya tara a ɓangaren da yake so ya yi nasara. Ɓoye ƙwayar kuma yana hana son zuciya shiga wajen duba fata, don ido yakan ga abin da rai ke so.

Bayan shekara biyu aka ƙirga. Kamuwa da cutar ta ragu da kashi 57 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha maganin gaske. Ku lura, ba a ce ɗari bisa ɗari ba. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancantar yabo a bincike na gaskiya: yana faɗin iyakar ƙarfin magani. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan kariya.

Haƙƙinka in an gayyace ka

Mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari. Ba a manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a kan batun yardar iyaye. Saboda haka in an nemi ka shiga gwaji, dole a yi maka bayani da harshen da kake ji, a faɗa maka amfani da illa. Ka tambaya ko hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, da kwamitin kare haƙƙin marasa lafiya sun amince. Kada ka dangwala yatsa a takarda sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Kana iya cewa a'a, kana iya fita a tsakiya, kuma ba za a hana ka maganin da ka saba karɓa ba.

In ka ga tabo a jikinka

Tabon kuturta yakan fi sauran fata haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi. Ma'aikacin lafiya zai sa ka rufe ido, ya murza auduga ta yi tsini, ya taɓa fata mai lafiya, sannan ya taɓa tsakiyar tabon, ya ce ka nuna inda ka ji. Rashin ji a tabo alama ce babba. Kada ka jira, domin jinkiri ke lalata jijiyoyi har yatsu su dunƙule.

Maganin yana zuwa a kati na wata-wata. Mai tabo kaɗan wata 6 zai sha, mai tabo da yawa wata 12. Fitsari zai yi ja bayan shan rifamfisin, fata kuma za ta iya yin duhu saboda kulofazimin, amma tana washewa bayan an gama. Kada wannan ya sa ka daina. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar, ba dalilin ware masa kwano. In ƙuraje suka feso da zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ka koma asibiti a ranar.

Aikin aji

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai bincike, ɗaya wanda aka gayyata, ya yi masa tambayoyi uku kafin ya yarda. Bayan haka kowa ya rubuta a littafinsa dalilin da ya sa ake raba mutane da ƙuri'a, da yawan watannin shan maganin kuturta.