Kurakuran masu shiga rediyon makaranta don neman suna

Duk farkon zangon karatu sai sun zo, da dogon buri da gyaran murya. Da yawansu kuma gaisuwarsu ta farko ita ce, "Ni ƙanin wane ne." Na gaji da nanata magana ɗaya a bakin ƙofar situdiyo, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban kuskure shi ne shiga ta ƙofar ɗan'uwa. Ba labari aka ba ni ba, ta nan na shiga. Yayana, ɗan wan mahaifina, shi ke tsara jadawalin shirye-shirye a lokacin. Sauran sababbi suka yi makonni a zaune bayan injiniya suna kallon yadda ake ɗaga sauti da sauke shi, suna rubuta labarai ana jan layi a kai ana mayar musu. Ni kuwa mai uwa a gindin murhu, cikin mako guda aka ba ni rabin awa kai tsaye. A shirina na uku na saka waƙa, na miƙe ƙafa, na shiga yi wa abokina gulmar wani malami, har da kwaikwayon muryarsa. Ashe jar fitilar da ke nuna ana jin mu kai tsaye na kunne. Ban sauke maɓallin makirufo ba, kuma injiniyan da ya kamata ya koya mini bai taɓa ganin fuskar gyara wa ƙanin shugaba ba.

Yaya da hannunsa ya rubuta takardar dakatar da ni. Shi ma aka karɓe jadawalin daga hannunsa. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya ce, "Laifina ne da na ɗora ka a kan abin da ba ka iya ba." Kusan shekara muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa.

To, in kana da ɗan'uwa a tashar, ka roƙe shi ya haɗa ka da wani furodusa da ba ya jin kunyarka. Wanda zai ce maka karatunka ba ya fita, ya kuma sa ka sake. Ni dai tun daga ranar nan ba na furta komai a gaban makirufo sai na duba maɓalli da idona, ko da an rantse mini a kashe yake. Wasu na cewa na faye tsoro. Su ce.

Sai son suna. Haba jama'a! Na taɓa ƙirga wa wani yaro, sau 11 ya ambaci sunansa da laƙabinsa a shirin minti 15, sauran lokacin kuma gaishe-gaishen abokai. Wa kake burgewa? Na'urar watsa shirye-shiryen makaranta ba ta da ƙarfi, zangon FM kuma ba ya nisa kamar gajeren zango, tudu da dogon gini ma suna rage shi. Ko a Amurka, inda irin waɗannan tashoshi suka yi kaka-gida, yawancinsu suna tsakanin 88.1 da 91.9 ne a zangon FM, wurin da aka ware wa tashoshin ilimi marasa neman riba. Aji ne, ba dandalin taurari ba. Ƙa'idata: suna sau biyu, farko da ƙarshe. Wanda ya ji daɗin shirin zai tambaya.

Sauran ƙanana ne. Kada ka cusa baki cikin makirufo, bar tazarar taƙi guda ka ɗan karkace, don kada iskar bakinka ta riƙa bugunsa. In ma'aunin sauti ya zauna a ja, murya ta fashe ke nan. Wayarka ta tsaya a waje. Ka daina aron muryar manyan masu gabatarwa, kowa ya san ta aro ce. Sunan baƙo kuma a tambaye shi yadda ake faɗa tun kafin a shiga.

Kuma ka ɗauki kowane shiri ka saurara kai kaɗai washegari. Na farkon da na saurara nawa, minti huɗu na iya jurewa na kashe.