Yadda za ka gane shekarun tsohon gida mai shago a Ingila

Yaranmu na nan Jidda da ke karatu a Ingila kan turo mini hotunan tsofaffin gidaje, don sun san sana'ata gyaran roshan ce, wato tagogin katako masu ado da ke turowa waje, a Balad, tsohon garin Jidda. Kusan kullum shagon ƙasa suke ɗauka, alhali shi ne ƙaramin yaro a ginin, domin duk ɗan kasuwar da ya zo sai ya sauya masa fuska. To ɗana, ga yadda ake dubawa.

Tsallaka titi ka ɗaga kai. In fuskar gidan siririya ce amma ya miƙe can baya, tsohon rabon filin garuruwan kasuwa ne: kowa ya samu bakin titi, ciniki a ƙasa, iyali a sama. In benen sama ya turo gaba ya yi wa na ƙasa rumfa, ginshiƙan katako ne ke ɗauke da shi, irin na titin Shambles a York inda mahauta suka zauna, kuma yawanci ya girmi 1700. Bayan gobarar Landan ta 1666 aka tilasta gini da bulo ko dutse a birnin. Sai dai kada bulo ya ruɗe ka. Gidaje da yawa sabuwar fuska kawai aka yi musu a ƙarni na 18, katakon yana ciki. Zaga ta lungu ka dubi gefe da rufi.

Taga ita ce na fi so ka daɗe a kanta. Tagarsu ta zamanin sarakuna masu suna Joji, 1714 zuwa 1830, zamewa take sama da ƙasa, igiya da nauyin dalma ko ƙarfe suna ɓoye cikin firam, yatsa biyu sun isa su ɗaga ta. Aiki ne na gwanaye, wallahi ina jinjina musu. Ƙirga gilasan: ƙanana shida sama, shida ƙasa, alamar wancan zamani ce. Manyan gilasai sun yawaita ne bayan soke harajin gilashi a 1845. Duba kuma ko firam ɗin daidai yake da fuskar bango ko ya shige ciki, saboda dokar Landan ta 1709 ta ce a mayar da shi ciki inci 4 don gudun wuta, sauran garuruwa suka bi a hankali. Tagar da aka toshe da bulo tana iya zama guje wa harajin taga na 1696 zuwa 1851, tana iya zama ado ne tun asali.

Bayan idonka ya yanke hukunci, sai ka nemi adireshin a rajistar gine-ginen tarihi da doka ta ba kariya, wadda hukumar Historic England ke riƙewa a intanet, ka gwada da naka hukuncin. Daraja uku ce: ta ɗaya, ta biyu mai tauraro, da ta biyu, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 suke ciki.

In Allah ya sa ka kama haya a gidan da ke cikin rajistar nan, ka sani kariyar ta haɗa har da ciki: matakala, murhun ɗumama ɗaki, tsofaffin ƙofofi. Sauya su ba tare da izinin ƙaramar hukuma ba, laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Kuma in ka ga ana liƙe tsakanin bulo da siminti, ka yi wa mai gidan magana. Tsohon bango da farar ƙasa aka ɗaure shi, ita ke barin danshi ya fita. Siminti kulle ruwan yake yi har bulon ya fara marmashewa, ciwon da muke gani a dutsen murjani na gidajen Balad duk inda aka shafe shi da siminti.