Gaisuwa bayan shekara 19: yadda ake neman abokin karatu Bayahude alhali nasa na bakin daga

Mako uku na yi ina rubuta saƙon nan ina gogewa. A ƙarshen Oktoban 2023 ne. Wadda nake son rubuta wa ƙawata ce da muka yi karatun haɗa magunguna tare a Manchester ta Ingila, Bayahudiya, 'yar unguwar Prestwich. Rabona da ita tun 2004. A lokacin tana da ɗa ɗan shekara biyu, kuma sau da yawa ni nake riƙe shi a bakin ɗakin karatu idan ta shiga miƙa aiki, yana ta jan gefen mayafina yana cusawa a baki. Sai ga wata 'yar ajinmu ta ambata a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai cewa yaron nan ya koma Isra'ila da zama, yana aikin soja, kuma an tura rundunarsu kudu, wajen Gaza.

Ba zan ɓoye muku halin da nake ciki a lokacin ba. Kullum da dare ina kallon hotunan yaran Gaza da ake zaƙulowa daga ɓaraguzai, ina kuka. Kuma a cikin wannan zuciyar dai nake tuna yaron da na goya a kafaɗa, da uwar da na san ba ta barci. Daga ƙarshe na aika saƙon, muka ci gaba da magana har yau. Abin da na koya a hanya shi ne nake son in shimfiɗa wa duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan wuri.

Kafin ka taɓa waya, ka fara sanin me kake nema. Idan so kake ka ji ra'ayinsa kan yaƙin, ko ka nuna masa kuskuren ƙasar da ɗansa ke yi wa aiki, to ajiye wayar, lokacin bai yi ba. Wanda nasa ke bakin daga ba kakakin gwamnati ba ne, uba ne ko uwa ko yaya. Jaje za ka je yi, kuma mai jaje ba ya zuwa da takardar tuhuma. Ni abin da ya kwance mini ƙullin zuciya shi ne hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda aka wuce da gawa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne?

Sannan kada ka ɗauka kowane Bayahude yana da soja a gida, ko yana goyon bayan yaƙin. Kusan rabin Yahudawan duniya ne ke zaune a Isra'ila, sauran suna Amurka da Faransa da Kanada da Ingila da wasu wurare, kuma ra'ayoyinsu sun sha bamban ƙwarai. Amma ƙasar ƙarama ce, mutanenta ba su kai miliyan 10 ba a lokacin, kuma aikin soja dole ne ga akasarin matasan Yahudawa daga shekara 18, maza da mata. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba, wanda ya halaka kimanin mutum 1,200 aka kuma yi garkuwa da kusan 250, an kira sojojin ko-ta-kwana sama da 300,000 cikin 'yan kwanaki: malamai, direbobi, likitoci, magidanta masu 'ya'ya. Don haka ko abokinka a Landan ko New York yake, da wuya a ce bai san wani da aka kira ba. Ka tambaya a hankali, kada ka yanke masa hukunci.

Saƙon farko shi ne mai wuya, kuma a nan na fi daɗewa. Na farkon da na rubuta ya kai shafi guda, cike da bayanin matsayina da neman afuwar shirun shekaru. Duk na goge. Ga wanda na aika: "Ni ce wadda muke zama layi na uku a ajin ilimin magunguna, mai riƙe miki yaro. Na ji yana can. Kina cikin raina tun da na ji. Ba sai kin amsa ba." Shi ke nan. Ka gabatar da kanka da wani abu da ku biyu kaɗai kuka sani, don mutumin da ke cikin fargaba ba ya yarda da baƙuwar lamba, balle a makonnin da saƙonnin zagi ke shigo masa daga waɗanda bai sani ba. Ka ambaci wanda ake fargaba a kansa. Ka kuma sauke masa nauyin amsawa. Jumlar ƙarshen nan ita ce ƙawata ta ce ta sa ta amsa, domin kowa a lokacin wani abu yake nema a wurinta, labari ko bayani ko godiya.

Rubutu za ka fara yi, kada ka kira. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Isra'ila idan soja ya mutu, jami'ai ne ke zuwa su ƙwanƙwasa ƙofar iyalinsa su faɗa musu baki da baki, kuma ba a fitar da sunan mamaci sai an sanar da danginsa. Saboda haka duk wata ƙarar ƙofa da duk wani kiran da ba a zata ba yana tsinka musu zuciya. Ƙawata ta ce mini ko mai kawo saƙon kaya ne ya danna ƙararrawa sai ta dafa bango kafin ta buɗe, kuma idan ta ga lamba mai farawa da +972, wato ta Isra'ila, hannunta rawa yake yi. Don haka kada ka taɓa buɗe saƙo da "Kin ji abin da ya faru?" ko "Ki kira ni yanzu." Kada ka tura masa labarin an kashe sojoji kaza a wuri kaza kana tambayar ko lafiya. Ya riga ka gani, ya kuma riga ya ƙirga sa'o'in da suka wuce ba a ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Ka lura da rana. Idan abokinka mai kiyaye addini ne, daga faɗuwar ranar Juma'a har zuwa fitowar taurari a daren Asabar, kimanin sa'a 25, ba ya taɓa waya, saboda Shabat. A hunturun Manchester rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, to ka ga Juma'a da la'asar ƙofa ta riga ta rufe. Na taɓa aika saƙo a irin wannan lokaci, na kwana biyu ina zargin na ɓata mata rai, ashe wayar tana cikin aljihun tebur. Daga baya ta gaya mini Asabar ce ranar da ta fi mata tsawo a mako, domin babu labari sam, kuma harin 7 ga Oktoba ma ranar Asabar ya faɗo, a kan ranar idinsu. Saƙon Alhamis da dare ko na Lahadi da safe ya fi sauka daidai.

Akwai tambayoyin da za ka haɗiye. Kada ka ce a ina yake, wace runduna, yaushe za su shiga. Sau da yawa iyayen ma ba a gaya musu ba, kuma an hana yaɗa irin wannan. A lokacin, sojojin da ke shiga Gaza karɓe musu wayoyi ake yi kafin su tsallaka. Wata rana ƙawata ta turo mini hoton fuskar wayarta: saƙonni goma sha ɗaya a jere zuwa ga ɗanta, kowanne da alamar tafiya guda ɗaya mai ruwan toka, ba wanda ya isa. Na ƙarshen cewa kawai ta yi, "Na sayo maka safa." Ban san me zan ce ba sai na rubuta, "Ina nan." Ta ce ya isa. Tambayar da ta fi amfani ita ce wadda ta shafi shi abokin naka: ka samu barci? Ka ci abinci? Wa ke tare da kai a gida? Yaron nata yana cikin waɗanda suke kira soja mai kaɗaici, wato mai aikin soja alhali iyayensa ba sa ƙasar, don haka ko hutun kwana biyu aka ba shi ba gida yake zuwa ba, tafiyar jirgi ta kusan sa'a biyar ce tsakaninsu.

Kada kuma ka ce "Kada ki damu, ba abin da zai same shi." Ba ka da wannan a hannunka, ita ma ta sani. Su a tsakaninsu a irin waɗannan kwanaki suna rabuwa da cewa "besorot tovot", wato Allah ya jiyar da mu alheri. Na koya na riƙa rufe saƙona da shi. Da na ce mata ina sa ta a addu'a, ban ɓoye cewa addu'ar Musulma ce ba, ita kuma ta ce tana karanta Zabura ta 121 kowace safiya.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa ke tsoro: idan magana ta zo kan Gaza fa? Za ta zo. Shawarata ita ce kada ka kawo ta a saƙon farko ko na biyar, kada ka kawo ta a gaban jama'a, amma idan an tambaye ka kada ka yi ƙarya. A ƙarshen Disamba, lokacin da ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce waɗanda aka kashe sun haura 20,000, ƙawata ta tambaye ni kai tsaye me nake gani. Na ce mata zuciyata tana ƙuna saboda yaran Gaza, ban yarda akwai abin da zai halatta wannan ba, kamar yadda ban yarda da kashe mutane a gidajensu ranar 7 ga Oktoba ba. Na ce addu'ata ga ɗanta biyu ce: ya dawo da ransa, ya kuma dawo ba jinin marar laifi a hannunsa. Ta yi shiru kwana biyu. Na bar ta, ban bi ta da wani saƙo ba. Da ta dawo ta ce ba mu yarda da juna a komai ba, amma addu'a ta biyun ita ma tana yin ta, ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba. Magana zarar bunu ce, shi ya sa nake cewa ka faɗi naka sau ɗaya, a sarari, cikin ladabi, kada ka mayar da shi wurin zaman kullum.

Zauren ajin kuwa wani aiki ne daban. A namu akwai wani Bafalasɗine mazaunin Jodan wanda 'yan uwan mahaifiyarsa ke Khan Yunis. Ranar da na rubuta wa ƙawata, shi ma na rubuta masa, da kusan kalmomi iri ɗaya, kuma ina ganin duk mai niyyar yin ɗaya ya kamata ya yi ɗayan. Shi ma wayarsa cike take da saƙonnin da ba su isa ba, saboda yankewar layuka a Gaza. Idan kai ne mai kula da zaure, ka kafa ƙa'ida tun wuri: ba tura bidiyo, ba tura labaran da aka kwaso daga wani wuri, wanda ke da nasa a cikin haɗari ya faɗa a yi masa jaje. Mu mun makara, sai da mutum huɗu suka fita. Wanda ya fita kada ka mayar da shi da ƙarfi, ka bi shi ta gefe ka gaishe shi.

Idan kuma abin da ake tsoro ya auku, ga kaɗan da ya kamata ka sani. Yahudawa suna gaggauta binne mamaci, sannan iyali su zauna makoki na kwana bakwai da suke kira shiva, a kan ƙananan kujeru, an rufe madubai. Mai ta'aziyya yakan shiga ya zauna shiru har sai mai makokin ya fara magana. Ba a kai furanni. Idan za ka kai abin ci, 'ya'yan itace sun fi sauƙi saboda ƙa'idojin abincinsu. Abin da ake faɗa shi ne Allah ya sa ambatonsa ya zama albarka. Idan kana nesa, rubuta 'yan layuka, ka ambaci sunan mamacin da wani abu da ka tuna game da shi, sannan ka sake rubutawa bayan wata guda, lokacin da gida ya watse.

Abu na ƙarshe shi ne ɗorewa. Zumunci a ƙafa yake, a nan kuwa ƙafar ita ce saƙo ɗaya a mako. Na zaɓi Alhamis da dare, layi ɗaya ko biyu, wani lokaci ba maganar yaƙi ko kaɗan: malamin nan da ke rubutu da hagu yana goge allo da hannun riga, ko ranar da ruwan sama ya jiƙa mana takardun gwaji a tashar bas ta Oxford Road. Takan ce waɗannan ne kawai mintunan da ba ta zama uwar soja ba.

A lokacin tsagaita wutar mako guda da ta fara ranar 24 ga Nuwamba 2023, yaron ya samu waya ya kira ta na minti huɗu. Ta aiko mini da saƙon murya tana kuka, da kyar na gane abin da take faɗa. Bayansa sai hoto ya shigo, wanda ta tono a cikin wani tsohon akwati: ni ce tsaye a bakin ɗakin karatu a 2004, da shi a kafaɗata, gefen mayafina a bakinsa.