Yadda ake ɗinka lambar suna a bayan bargon haɗe-haɗe

'Yar uwa in kin zauna kin haɗa ragowar atamfa da shadda kin saka auduga a tsakiya kin ɗinke bargo da hannunki, dan Allah kar ki bari ya fita daga ɗakinki babu sunanki a jiki. Irin bargon nan yana daɗewa, a kai wa amarya cikin kayan ɗaki, 'ya'yanta su taso su lulluɓa da shi lokacin hunturu, amma a tambayi wa ta ɗinka kowa ya yi shiru. Ɗan ƙyalle ne fa kawai zai magance wannan.

Ki nemi farin yadi na auduga zalla, mara santsi, ki wanke shi tukuna saboda auduga tana tsukewa a wankin farko, in ya bushe ki goge. Ki yanka kamar inci 5 da inci 7, a ciki har da rabin inci na kalmasa ta kowane gefe.

Abin rubutawa bai da yawa: sunanki, garinku, shekara, sai wadda aka yi wa in kyauta ce. Misali Ɗinkin Hajiya wance, Zariya, 2025. Da boko ko da ajami duk ya yi, ni dai ajami ya fi min kyau a zare don lanƙwasarsa tana bin allura. Amma banda aya ko sunan Allah, tunda bargo ne, za a taka shi, yaro zai yi fitsari a kai.

Ki fara rubutawa a takarda da baƙin biro, haruffan su kai rabin inci a tsayi, in sun fi haka ƙanƙanta zare zai cushe su a kasa karantawa. Sai ki manna takardar a gilashin taga da rana ki ɗora ƙyallen a kai, rubutun zai fito ta ciki ki bi shi da fensir a hankali. Kar ki sa biro a ƙyallen, ba ya fita.

Toh maganar zare, nan ne mutane ke asara. Zaren ado irin na kamfanonin DMC da Anchor sili 6 ne a murɗe, ki zare 2 kawai, tsawon kamu ɗaya, in ya wuce haka sarƙewa zai dinga yi yana ɓata miki rai. Ja da shuɗi mai duhu su ne masu zuba, musamman na araha, don haka ki jiƙa guntu ki matse shi a cikin farin ƙyalle ki gani, in ya bar launi ki haƙura da shi ko da kuwa ya burge ki.

Ɗinkin kuma na koma-baya za ki yi, wato allura ta fito gaba kaɗan sannan ta koma ta shiga ramin da ɗinkin baya ya ƙare, layin ya tafi a haɗe ba giɓi. A wurin kwana kamar cikin harafin o ko s ki ƙanƙanta taku sosai. Kuma kar ki tsallaka da zare ta baya daga wannan harafi zuwa wancan, inuwarsa tana nunawa ta farin yadi, gara ki soke bakinsa ƙarƙashin ɗinkin ki yanke ki sake farawa. In akwai fili ki zagaye da ɗinkin sarƙa ko ki sa ɗan dagi a gefe.

Kin gama sai ki kifa shi a kan tawul ki goge ta baya, ki kalmashe gefuna. Wurinsa kusurwar ƙasa ta bayan bargon. Abin da ya fi ƙarko shi ne ki ɗora shi tun kafin ki rufe bakin bargon, gefe 2 su shige ƙarƙashin baki, sauran 2 ki bi su da ƙananan ɗinki kusa-kusa, allurar tana kama yadin baya kaɗai ba ta ɓulla ta fuska ba.