Ƙarin aiki ko sabon aiki a gida: yadda ake lissafin abin da haraji zai bari a hannu

Kafin maigida ya karɓi ƙarin awoyi a wurin aiki, ko uwargida ta amsa tayin albashi, akwai lissafi ɗaya da ya kamata su zauna su yi. Abin dubawa shi ne nawa zai saura daga jikar ƙarshe da za ta shigo, domin ita ce haraji ya fi ci.

Harajin albashi a Nijar, wanda ake rubutawa ITS a takardar albashi, hawa-hawa ne, kuma mai aiki ne ke cire shi duk wata ya kai wa hukumar haraji ta DGI. Jika 25 na farko ana cire musu kashi 1 cikin 100, zuwa jika 50 kashi 2, zuwa jika 100 kashi 6, zuwa jika 200 kashi 13. Daga nan ne hawan ke yin tsayi: jika 200 zuwa 300 kashi 25, zuwa 400 kashi 30, har ya tsaya a kashi 35 ga abin da ya haura miliyan ɗaya a wata. Kowane hawa kuɗin da ke cikinsa kawai yake ci. Saboda haka masu ƙin ƙarin albashi don tsoron kada su “faɗa babban haraji” suna cutar kansu ne, ƙari ba ya rage abin da kake samu a da.

Ku ɗauko takardar albashin watan jiya, ku nemo layin kuɗin da ake ɗora wa haraji. Wannan adadin ya fi cikakken albashi ƙanƙanta, tunda an riga an cire kason CNSS, asusun fanshon ma'aikata, wanda yake kashi 5.25 ga ma'aikacin kamfani. Nan ne mutane suka fi kuskure, sai su yi lissafi da adadin da ke saman takarda.

A ce na maigida jika 250 ne. Harajinsa, kafin rangwamen da ake yi wa mai nauyin iyali, sefa 29,250, wato bai kai kashi 12 na duka ba. Amma idan ya ƙara aikin da zai kawo jika 60, jika 50 za su biya kashi 25, jika 10 su biya kashi 30, haraji ya ɗauke sefa 15,500. Wannan jika 60 ɗin, da uwargida ce ta same shi a matsayin albashinta, sefa 1,350 kacal za a cire. Bambancin ya haura jika 14 kowane wata. Dalili shi ne a nan kowa albashinsa ake yi wa haraji shi kaɗai. A Faransa ana haɗa kuɗin ma'aurata ne a lissafi ɗaya, shi ya sa shawarar da ake karantawa daga can ba ta dace da Yamai ba.

Sai dai haraji rabin magana ne. Fitar uwargida tana da nata kuɗin, kuma a rubuta su a takarda, kada a ƙiyasta da ka. Idan a Yamai gida yana unguwar Harobanda aiki kuma yana unguwar Filato, kuɗin taksi ko man babur na ƙetare gada safe da yamma a ninka shi sau kwanakin aiki na wata. A sa abincin rana a waje, a sa mai reno ko kuɗin makarantar ƙananan yara, a sa ƴar aiki, wadda ita ma haƙƙinta ne a biya ta yadda ya kamata. In dama uwargida tana sayar da ƙanƙara ko tana ɗinki a gida, ribar da za ta bari ita ma asara ce, a cire ta. Daga jika 60 ana iya tarar da abin da ya rage bai taka kara ya karya ba.

Ko da hakan ta faru, ba ma ganin a yi saurin watsar da aikin. Albashin da aka yi wa rajista a CNSS yana tara mata shekarun fansho da sunanta, kuma gida mai albashi biyu ya fi jure ranar da ɗaya ya tsaya. Su ma awoyin maigida ba kyauta ba ne, akwai gajiya da rashin ganin yara.

Ku duba kuma layin nauyin iyali. Rangwamen yana bin yawan waɗanda kake ɗauke da su, kuma ya fi tsoka a wurin wanda harajinsa ya fi yawa. Gidaje suna iya biyan fiye da ƙima kawai don ba su kai takardar aure da takardun haihuwa wa mai lissafin kuɗi na wurin aikinsu ba. Ku kai da zarar an yi haihuwa. A farkon kowace shekara kuma ku nemi jadawalin harajin da mai lissafin yake aiki da shi, tunda dokar kasafin kuɗi tana iya taɓa waɗannan hawa, sannan ku sake lissafin da sabbin alƙaluma.