Yadda za ka yi amfani da kalmar "learn" ba tare da tuntuɓe ba

Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma "learn" ce ta fi wahalar da ɗalibaina. Tushen matsalar daga harshenmu yake: da kalma ɗaya muke cewa na koyi karatu, na koya masa karatu. Turanci ya raba su. In kai ne mai ɗauka, "learn". In kai ne mai bayarwa, "teach". Don haka kada ka ce "learn me", ka ce "teach me". Kullum da wannan gyaran nake farawa.

Sai ka duba abin da ke biye da ita. "Learn to swim" koyon iyo ne, "learn by heart" kuwa hadda. Amma "I learned of his death" ba ruwanta da karatu, labarin rasuwar ne ya iso maka.

Kada kuma ka gwama ta da "study". Zaman da ka yi da littafi shi ne "study", abin da ya zauna maka a ka shi ne "learn".

In aikin ya riga ya wuce, wato shuɗaɗɗen lokaci, Amurka "learned" take rubutawa, a Ingila har da "learnt". Zaɓi ɗaya ka riƙe a duk rubutunka.